Katakon Malam Yahya Gimba Ba Na Saran Nama Ba Ne

Kullum da sassafe, kafin mahautan unguwar Obiagu a Inugu su gama wasa wuƙaƙe, Malam Yahya Gimba ya buɗe rumfarsa. Abincinsa liƙe tankunan ruwa da faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da ake shafa wa gam ya ƙame, amma ransa yana ga ƙananan jiragen nan marasa inji, masu shawagi da iska, ana juya su da rimot. Sai ya fere soso, ya shimfiɗa ƙyallen faiba a karkace, ya shafa gam kaɗan-kaɗan, ya zura a leda, injin tsohon firij ya zuƙe iskar. Fiffike ya fito ya fi shi tsawo, amma da yatsa biyu ake ɗaga shi.

Duk a kan katako guda ake wannan aiki, wanda ya yi shekara da shekaru yana gogewa har ya sami lanƙwasar da yake so. In babu shi, babu fiffike.

To ku ji takaici! Ƙurar faiba ta kwantar da shi a asibiti gab da Babbar Sallah. Mahautan da ke maƙwabtaka da shi, 'yan uwanmu fa, ba bare ba, suka ga katako mai faɗi da sulɓi, suka jawo shi suka yi ta saran ƙashin shanu a kai. Sa'a mai tuwo ta hana, suka ce mata ai kayan wasan yara ne na tsohon da ya ƙi girma.

Wasan yara? Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. 'Yan ci-rani nawa suka sauka a tashar Upper Iweka ta Anaca ba su iya komai ba sai dako, yau suna riƙe da iyali da aikin faiba daga Anaca har Fatakwal? Kai ne ka koya musu, Malam. Kai ne ka shaƙi ƙurar, ka ɗaura musu ƙyalle a hanci.

Sa'a ta ce da Malam ya dawo daga asibiti, ya daɗe yana shafa saran da tafin hannunsa. Hannun nan yanzu rawa yake, shi ma ya san ba zai iya goge wani ba. Iyakar abin da ya ce, "Da kun tambaye ni, ai da na ba ku benci."

Mun gode, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ku kuma da kuka koya a hannunsa, ku ji kunya. Katakon yana nan jingine da kitse a jikinsa. Ku zo da samfefar goge katako tun Malam yana iya nuna muku inda lanƙwasar take.