Mijin Yayata Ba Ya Cin Nama

Jonah mijin yayata Liatu ne, kuma tun ranar da ya fara zuwa gidanmu zance nake tsokanarsa, don haka kada wani ya zaci zan yabe shi yau ba tare da na ɗan mintsine shi ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga taurin kai, ga rowar magana. A wani ƙauye bayan Bakori yake noma masara da dawa, a gonar da ya gada daga ubansa. A da, idan ana neman wanda kunyar gonarsa ta fi ta kowa miƙewa, sunansa ake fara kira, saboda shanun huɗarsa biyu, Ɗan Fari da Guntu. Ya fi hira da su a kan yadda yake hira da mu.

Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun ƙauyen, har da nasa suka tafi. Ya bi kasuwanni yana dubawa, Funtua, Danja, Malumfashi, bai same su ba. Da ya gaji ya dawo gida, Liatu ta ajiye masa tuwo da miyar kuka da tsoka biyu a ciki. Ya dubi kwanon ya ture shi gefe.

"Wa ya san naman wane ne wannan?" ya ce. "Ni dai ban san inda aka yanka Guntu ba."

Tun daga ranar bai ƙara cin nama ba. Muka ce to ga kaza, ya ce shi abin da aka yanka gaba ɗaya ya fita daga ransa. Na yi masa dariya, na ce, "Angona, ko kazar ma 'yar uwar Guntu ce?"

Liatu kuwa ba dariya ta yi ba, haushi ta ji. Ta rantse ba za ta ɗora tukunya biyu a gida ɗaya ba, tana ganin yunwa za ta dawo da shi hanya. Ta manta wanda ta aura. Kullum ta sa ƙashi a miya, shi kuma kullum ya ci gayan tuwo ya kora da ruwa. Kafin rani ya ƙare, mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai ya koma sai ya huta a hanyar coci. Wuyansa ya zama kamar na zabo. Nan na daina dariya, tsoro ya kama ni.

Ɗansu Saviour, wanda ke aiki a Funtua, ya zo ya ga ubansa, ya yanke hukunci irin na 'ya'yan yanzu. Ya ce idan damina ta zauna Baba bai iya huɗar gonar ba, za a ba maƙwabcinsu Isah aronta, shi kuma a ɗauke shi a kai shi Funtua ya zauna. Wanda ya san Jonah ya san raba shi da gonar nan daidai yake da binne shi da ransa. Saviour ya kuma ajiye wata robar ƙwayoyi da ya sayo, ya ce sunan abin kanitin, a nama ake samunsa, shi ke taimaka wa jiki ya mai da kitse ƙarfi, kuma rashinsa ne ya kayar da Baba.

Matarsa Modupe ce ta hana abin lalacewa. Bayarbiya ce haihuwar Funtua, ma'aikaciyar jinya, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ba ta yi gardama da mijinta a gaban iyayensa ba. Ta dai lallaɓa Jonah zuwa asibiti aka yi masa gwaji. Hantarsa lafiya, ƙodarsa lafiya, jini ne ya yi ƙasa. Da suka dawo ta durƙusa a gaban Jonah da Liatu.

"Baba, wannan kanitin ɗin gaskiya ne a nama ya fi yawa. Amma mai lafiyar hanta da ƙoda, jikinsa yana haɗa nasa da kansa, in dai an ba shi kayan haɗin. Wani sashe yana cikin hatsi, wani yana cikin wake da danginsa. Nono ma akwai shi a ciki. Ku kuwa hatsin kaɗai kuke ci. Ba nama kuka rasa ba, Baba, abinci kuka rasa."

Ta juya wajen Liatu, ta sassauta murya. "Mama, ba sai an ɗora tukunya biyu ba. A cire ƙashin kawai."

Yayata ta yi kicin-kicin da fuska, ta ce ita ba a koya mata girki a gidanta. Amma washegari da na leƙa, sai na tarar tana daka daddawa, ga wake a jiƙe a ƙwarya. Na ja da baya a hankali, ina son raina.

Daga nan gidan ya sauya. Miyar wake da alayyahu, faten tsaki da gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, fura da kindirmo da rana. Ni kuma da yake sana'ata awara ce, kullum na soya sai na aika masa da nasa, da saƙon cewa sadakina ne yake ci. Maganin ƙarin jinin da asibiti suka ba shi ya sha, da ƙorafi amma ya sha. Robar Saviour kuwa Modupe ta ce ba guba ba ce, sai dai ba ita ce matsalar ba, aka mayar masa da abarsa.

Ruwan farko ya same shi yana wasa bakin garmar hannu, irin wadda ya ajiye tun yana saurayi. Na ce masa, "Tsoho, wannan ba aikin mai furfura ba ne." Ya ce, "Fibi, je ki ji da waken suyarki." Ya riƙa fita da sassafe, ya dawo idan rana ta yi zafi, ya ci, ya koma da la'asar. Ba zan yi ƙarya in ce ya koma kamar da ba. Shekaru sun yi aikinsu, kuma hannu ba shanun huɗa ba ne. Amma kunya na bin kunya.

Ranar da Saviour ya zo duba yarjejeniyarsa, tare da Isah suka iso gonar, Isah yana jan shanunsa biyu da garma, don ya ɗauka magana ta ƙare. Ni da Liatu mun kawo abinci, muna tsaye. Fiye da rabin gonar a huɗe take, Jonah yana tsakiya ya sunkuya, ko ɗago kai bai yi ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Isah ya daɗe yana kallon kunyoyin. Sannan ya ce wa Saviour, "Ni ba zan karɓi gona a hannun wanda ya yi wannan aikin ba. Ka nemi wani, in za ka samu." Ya juya ya ce, "Malam Jonah, tunda na riga na kawo su, ga su nan. Ka ƙarasa da su."

Jonah bai ƙara kai hannu jikin shanu ba tun da aka kore nasa, ko a hanya ya gamu da su kauce musu yake yi. Ya ajiye garmar hannun ya matso a hankali. Ya shafa wuyan na dama, ya sassauta masa igiyar hanci, ya yi masa wata magana da ba mu ji ba. Na ga idonsa ya cika, ni ma nawa ya cika, don daɗi da tausayi suka haɗu mini a lokaci ɗaya. Saviour ya sunkuyar da kai. Jonah ya kama hannun garmar, ya dubi ɗansa.

"Matsa daga kan layi," ya ce. "Zan shuka kafin Lahadi."