Shahadar da Nasiba Ta Karɓa Ba a Faɗi Dalili Ba

Nasiba ɗiyar Gwaggo Barakatu ce, taubashiyata, saboda haka duk abin da na rubuta a kanta halal ne. In ta kai ƙara gun Habboba, kakarmu, ni za a ba gaskiya.

An haife ta a hillarmu, wato ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar, shekarar da ayabar kawunmu Baba Salihu ta ƙare kaf. Mutane sun ce ambaliya ce. Ni dai na lura tun da aka yaye yarinyar nan ayaba ba ta ƙara kwana a gidansu ba. Tana shekara biyar ta ciji akuya. Tana bakwai ta kori wani kare daga bakin kogi har Sinja, kuma karen bai dawo ba, ya ce can ya fi kwanciyar hankali. In ta kira ƙanenta daga gona, masunta a wancan ƙetare ke amsawa.

A madarasar 'yan mata ƙarfe goma ake fita fatur, wato karin kumallo, kuma ba mai ci ita kaɗai. Biyar ko shida su haɗa burodinsu, su gutsuttsura a kwano ɗaya, a zuba ruwan ful, wato dafaffen wake, da ɗan mai, kowa ta sa hannu. Kwanon su Nasiba ya fi na kowa maiƙo, don uwar ƙawarta Rayan ce ke sayar da ful ɗin a ƙofar madarasa.

Bara, suna aji biyar, aka kawo wata baƙuwa, Hanaa, sun taso daga Sinja ita da uwarta. Tana da farin tabo daga yatsu har wuyan hannu. Likita ya ce ba a ɗauka. Amma likita mutum ɗaya ne, tsofaffin hilla kuwa sun fi arba'in, kuma kowacce ta fi shi karatu. Rayan ta ce hannun nan ba zai shiga kwanonsu ba, sauran kwanoni suka bi. Sati biyu Hanaa na cin busasshen burodi a bayan aji. Uwarta ta gaya wa Gwaggo wajen ɗibar ruwa cewa in yarinyar ta ƙara dawowa da kuka, kalas, shi ke nan, ta zauna gida, karatun ya isa.

Ran Lahadi, farkon satin karatu a wajenmu, Nasiba ta tafi da kwanon gidansu. Da aka fita fatur ta zare burodinta daga hannun Rayan, ta karɓi nata ruwan ful, ta zagaya bayan aji.

"Ke, matso ki gutsuttsura," ta ce wa Hanaa. "Ni abinci ba ya shiga mini sai da abokiyar tsere. Kuma ki yi sauri, ba na jira."

Da na ji labari na ce mata wannan ba kirki ba ne, hisabi ne, lissafin ciki: can hannu shida, nan hannu biyu. Ta jefe ni da takalmi. Ta same ni.

Habboba kuwa kullum da la'asar sai ta kama hannun Nasiba ta dirje da toka da lemun tsami, ta ɗaga wa rana tana neman tabo.

"Yau ma kin ci da ita, 'yar nema?"

"Na ci, Habboba. Har kwanon muka lashe tare."

Su Rayan suka daina yi mata magana. Uwar Rayan ta koma ɗiga mata mai kamar maganin ido. Nasiba ta rame har inuwarta ta rage, amma ba ta koma tsohon kwano ba.

Ƙarshen shekara shugabar madarasa, Ustaza Sabah, ta zo gidan Gwaggo. Ina nan, don na ji ƙanshin shayi. Ta ce bana ba masu maki kaɗai za a ba shahada, wato takardar yabo, ba, har da masu hali. Za ta kira Nasiba da Hanaa gaban tabur, jerin ɗalibai a fili, iyaye na kallo, ta ba da labarin duka, ta ɗaga hannuwansu sama a haɗe. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi guɗa.

"Ustaza," in ji Nasiba, "in kika ɗaga hannunta gaban jama'a, gobe ba ta zuwa. Ki riƙe takardarki."

Gwaggo ta mintsine ta har ni na ji zafi. Ustaza ta ajiye kofi.

"To me zan ce kin yi, ɗiyata?"

"Ki ce na bar faɗa."

"Kin bari?"

"A'a."

Ranar taro aka jera yara a fili, iyaye a inuwa. Aka kira ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sai Ustaza ta ce, "Nasiba Bilyamin, kyawun hali." Ta miƙa mata shahada, ba ta ƙara harafi ba.

Baba Salihu ya sunkuyo ya tambaye ni ko akwai wata Nasibar a hilla. Wata mata da Nasiba ta taɓa fasa wa ɗa leɓe ta nemi a ba ta takardar ta duba hatimi. Har yau rabin hilla sun ɗauka kuskuren suna ne, ni kuma na taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan ra'ayi. Nasiba ta sha dariyar mutane wata guda cur, ba ta yi wa kowa bayani ba. Ta dai yi faɗa uku a kai.

Hanaa tana aji shida yanzu, ba ta yi fashin kwana ɗaya ba. Ita da kanta ta tare ni a hanyar kogi ta ce in rubuta yadda abin ya faru, tunda bakina ba ya rufuwa. Sharaɗinta ɗaya: in sa cewa a jarrabawar da ta wuce ita ta zo ta biyu, Nasiba ta ashirin da bakwai cikin talatin.