Sandar Baba a Filin Kasuwa

A shekarata ta biyu a tsangayar adabi ta jami'a, akwai darasin wasan kwaikwayo da ake yi mana a wani tsohon zaure mai fanka ɗaya. Malamar da ke koyar da mu gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifinka. Wata rana ta ce kowa ya fito ya kwaikwayi wani mutum da ya sani sosai. Ni kuwa, da rawar kai irin tawa, na ɗauki sandar tsintsiya, na tura hula ƙeya, na gyara murya, na zama babana a ranar da malamin dabbobi ya zo yi wa shanunmu allurar rigakafi ya kore shi. Aji ya kece da dariya har wani ya faɗo daga benci. Ban faɗa wa kowa ko wa na kwaikwaya ba.

Kowane zango tsangayarmu tana fita ƙauyuka da wasan wayar da kai. Na wannan zangon a kan rigakafin shanu ne, kuma ba gardama aka ba ni tsoho mai taurin kai. Ina ta fankama har ranar da aka faɗi inda za a je: Tambuwal ran kasuwa, mako na gaba kuma Kebbe. Ƙauyenmu yana gefen Tambuwal, kuma babana bai taɓa fashin wannan kasuwa ba. Ni ne ɗan farinsa, ko sunana ba ya kira saboda alkunya, sai dai ya ce "wancan". Ga shi zan tsaya gaban abokan cinikinsa in mai da shi abin dariya.

Na sami Malama a ofis na faɗa mata gaskiya, na roƙi a cire ni. Ta cire tabarau ta ce, "Me ya sa yake korar mai allurar?"

Na ce, "Halinsa ne kawai."

Ta ce, "Ba ka san shi ba ke nan, hularsa ka sani. Je ka tambayo, sannan mu yi maganar cire ka."

Na ji haushi sosai, amma na kira goggona, yayar Baba, a waya. Ita ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kafin a haife ni wani mutum ya zo a kan babur da kwalaben magani, ya ce shi likitan dabbobi ne. Baba ya yarda ya yi wa shanu allura. Cikin waɗanda suka mutu har da jar saniyar da mahaifiyarsu ta bar masa, saniyar kuma tana da ciki. Goggo ta ce, "Tun rannan in yag ga sirinji, ita yaka gani."

Da na koma, Malama ta sa muka sake wasan. Dariyar tana nan a farko, amma a tsakiya sai tsohon ya zauna ya ba da labarin saniyarsa, mai allurar kuma ya saurara kafin ya nuna masa yadda ake bambance ma'aikacin gaskiya da ɗan damfara. Don in ɓad da sawu, na mai da saniyar fara.

Ranar wasa bas ta sauke mu kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Ana kaɗa ganga mutane suka kewaye mu. Ina fitowa riƙe da sandar tsintsiyata na hango Baba can baya, tsaye da ƙaninsa, ya dogara da sandarsa. Na tura hula ƙeya, na gyara murya, sai na ga kawuna suna juyawa wajensa, wani dillali har yana nuna shi da baki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na kai kan saniyar, sai dariya ta ɗauke. Wani tsohon makiyayi ya ce da ƙarfi, "Wallahi mu ma an yi muna haka." Na duba inda Baba yake, babu shi.

Abokaina suna ta murna ana cin tsire, ni kuwa na koma gefe ni kaɗai. Malama ta zo ta zauna kusa da ni a kan benci. Har yau ina gode mata da wannan zaman, da kuma tambayar da ta aike ni in yi. Na shiga jami'a don in san duniya, ita kuwa ta fara kora ni gida.

Muna loda kaya a bas sai ga ƙanin Baba, riƙe da sandar da na sani tun ina rarrafe, kanta ya yi santsi saboda riƙo. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya ce, "Babanka yac ce in ba wancan wagga, wai sandar da yar riƙa ta shara ce, kunya ta ba shi." Ya miƙo mini. Har ya juya, sai ya dawo ya rage murya. "Yac ce kuma in an tai Kebbe a faɗi daidai. Saniyar ba fara ba ce, ja ce."