Tsinken tsire a ƙafar akori-kura

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni dattijo ne mai furfura har a gira, ina zaune a Sabon Garin Wudil da wata akori-kura da ta girmi babban ɗana. Ni da boko a aji huɗu muka yi sallama, amma da yake ina iya harhaɗa rubutun jikin kwalin kayan gyara, sai na naɗa wa kaina rawanin injiniya. Bakaniken da ke duba min motar ɗan gwaggona ne, taubashina, mai bakin da ya fi sifanarsa aiki. Wata rana a gaban jama'a ya ce ni da motata bai san wanda 'yan gwangwan za su fara tayawa ba. Aka yi dariya. Na rantse ba zai ƙara taɓa ta ba.

Da ƙafarta ta gaba ta fara ciwo sai na sayo boljoyin, wato gaɓar nan da ke riƙe taya da jikin mota, na haɗa da robobin shokozoba, na ɗaga motar a ƙofar gida na yi wuni biyu a ƙarƙashinta. Wajen ɗaurawa, ɗan fin ɗin da ake sokawa a noti don kada ya warware ya faɗa cikin yashi. Har rariyar uwargida na sata na tankaɗe wurin, ban gan shi ba. Can na hango tsinken tsire a yashe, na soka shi a ramin na karye saura, da niyyar gobe in sayo na ƙarfe. Na manta kamar an wanke allo.

Bayan mako guda ƙara ta fara. A kan kwalta shiru, amma da na shiga gargada ko na karya kwana hagu sai in ji ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa. Na canza robobin sau biyu, har na yanko na tsohuwar taya. Na ɗura giris a duk ramin da na gani. Na sa uwargida ta riƙa jijjiga motar ni kuma ina kwance ina kasa kunne, ta ce min malam injiniya in ajiye girman kai in je wurin ɗan'uwana kafin ƙugunta ya tsinke. Na ce mata aikin ilimi sai da haƙuri. Notin nan kuwa giris da ƙasa sun lulluɓe shi, idona bai taɓa tsayawa a kansa ba. Da abin ya ishe ni sai na koma ƙure rediyo. Abinci ya daina yi min daɗi, ko a sahun salla ƙarar nake ji.

Ana haka 'yata ta haihu a Indabo. Ranar suna da hantsi mata, har da uwargida, suka cika bayan motar da kwanukan abinci, gwaggona kuwa, uwar bakaniken, tsohuwa tukuf, aka ɗora ta a gaba kusa da ni. Muna hawa burji ƙarar ta sauya murya, ta koma gum, gum, sitiyari ya fara fizgar hannuna. A nan ne Allah ya tuna min da tsinken. Gumi ya karyo min har cikin hula. In taka birki da ƙarfi ina tsoron tayar ta fice mu kife, in ci gaba kuma ga gangare a gabana. Matan baya suna ta guɗa, gwaggo tana tambayata ko fitsari ne ya matse ni. Na ɗage ƙafa daga totur ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa, motar ta yi ta rarrafe har ta tsaya gindin wata tsamiya.

Na sauke kowa, ana ta yi min ƙorafin tuwo zai huce. Na buga wa taubashin nawa waya. Ya ce shi fa ba ya gyara aikin injiniyoyi, sai dai in faɗa da ƙarfi mata su ji cewa shi ne ubangidana. Na faɗa, ya ce layin ba kyau, in sake. Na sake har sau uku.

Ya iso kan babur yana washe baki. Ya sa jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sai ta riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ya goge giris ɗin da tsumma, ya taɓa notin da yatsu biyu, juyi ɗaya ya faɗo tafin hannunsa. Tsinken ya daɗe da zama gari. Na sunkuyar da kai ina jiran tsiyar da za a yi shekara ana maimaitawa a majalisa. Ya waiga ya dubi uwarsa tana zaune a inuwa tana daka goro a ɗan turminta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaure notin, ya soka fin, ya lanƙwasa ƙafafun fin ɗin, ya hau babur ɗinsa ya bi bayanmu a hankali har Indabo. Shekara sittin muna tsokanar juna, amma wannan maganar har yau bai taɓa sa ta a wasa ba, kuma shirun nan ya fi min duka zafi.

Don haka 'yan'uwana masu tsofaffin motoci, in ka taɓa ƙafar mota da hannunka ta fara sabuwar ƙara, kada ka tsaya zargin hanya ko shokozoba. Koma kan abin da ka kwance, noti bayan noti, ka sa wanda ya sani ya ɗaga ta ya girgiza kafin ka ɗauki ko akuya. Abin da ka soka na wucin gadi, cire shi a ranar. Ni dariyar majalisa na guda, saura ƙiris in kai wa 'yata gawar uwarta ranar suna.