Tsagar Inna

Mun tashi da asuba daga garinmu Babban Mutum, ni da yayata, za mu Daura karɓo zanen hoton marigayiya mahaifiyarmu. Hotonta guda ne a duniya, wani mai hoto ya ɗauke ta ranar kasuwa tana dama fura. Damina ta yi mana yoyo, ruwa ya ci rabin fuskar. 'Yata da na sa wa sunanta ba ta taɓa ganinta ba, ni kuma kamanninta sun fara ɓace mini. Shi ya sa na aika da hoton wajen wani mai zane ta hannun direba.

Motar tsohuwa ce, mata a baya, mu maza a gaba da buhun gero a kan ƙafa. Kuɗin mota ya hau, ramukan hanya suna nan yadda na bar su. A Zango muka sha koko da ƙosai. Kokon ruwa ne zalla, gwiwata na ciwo.

Da hantsi muka shiga Daura. Tun da aka kawo shari'a mai zanen ya kwashe zanen mutane ya mayar ciki, a ƙofar shago sai zanen masallaci da manyan motoci. Cikin kuwa jama'a ce jingine da bango: tela da kekensa, wani tsoho riƙe da rediyo, duk daga hotunan gida ya kwaso su.

Ya juyo mana da namu. Ƙwaryar ta fito, ludayin ya fito, har tsohon zanenta na saƙi. Fuskar kuwa sumul, kamar 'yar birni.

Na ce, "Malam, wannan ba uwata ba ce."

Ya ce, "Baba, abin da ruwa ya bar mini na zana."

Yayata ta tsura wa zanen ido, can ta ce mini, "Kai dai ba ka da lura. Ina tsagarta?"

Ta ja mayafi gefe ta nuna wa mai zanen kuncinta. Tsagar gidan kakanmu ce, wanzami ɗaya ya yi musu ita da Inna. Mai zane ya ba ta kujera. Tana zaune tana mita, wai da tsufanta namiji ke ƙare mata kallo. Yana jan layukan nan, sai ga Inna. Na fita waje, na ce fenti ne ke shiga mini ido.

A cinyata na riƙo zanen har gida, direba ya nemi ɗaure shi a sama na ƙi. Maƙwabciyarmu, aminiyar Inna, ta leƙo. Ba wanda ya gaya mata ko wace ce, ta dafa bango ta kira sunan Inna. Sannan ta jawo 'yata ta ce, "Zo ki gaida takwararki."

Tafiyar nan ta koya mini abu guda: na yi ta kukan hoto, ashe rabin fuskar uwata na nan kusa da ni, tana yi mini faɗa kullum.