Muryar Mushe Harisu

Kullum ƙarfe shida na safe Mushe Harisu, wato Malam Harisu da Faransanci, yana tashar Roxy yana jiran motar unguwar Treichville, jaka a hammata, gorar ruwan ɗumi a hannu saboda maƙogwaro. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da adabin Faransanci a wata sakandare can. Ranar Asabar kuma ya tara 'ya'yanmu na unguwar Adjamé a tsakar gidansa.

'Yata Firdausi ce ta sa na san shi. An ba su sharhin wata maƙala da marubucinta ke gode wa Turawan mulkin mallaka, wai sun koya wa ubansa ɗaukar ƙarfen layin dogo a ka, ba su lalata shi da albashi ba. Yarinyar nan ta cika shafi uku tana cewa mutumin yana ƙaunar Turawa. Har da karanta mini, tana fassarawa tana wani ɗaga kai! Kakana fa da tabon irin wannan aiki ya shiga kabari. Raina ya ɓaci, amma ban san ta inda zan gyara mata ba.

Da ta kai masa, Mushe ko jan biron gyara bai ɗauka ba. Ya ce, "Firdausi, in kin fasa faranti, me maman take cewa?"

"Sannu da aiki."

"Yabo ne?"

"A'a, Mushe, gatse ne."

"Bon. To saurara."

Sai ya karanta godiyar da irin muryar da nake yi mata, sak. Yara suka fashe da dariya, can kuma dariyar ta tsaya. Firdausi ta dawo gida da jajayen idanu.

Da murya yake koyarwa, kuma muryar ce ke tafiya. Ranar Talata za a yi masa aiki a maƙogwaro, likita bai yi alkawarin za ta dawo ba. Jarrabawar bak ta gama sakandare saura wata biyu. Tsoro nake ji, wallahi. Wa zai karanta musu?

Asabar da ta wuce na raka Firdausi gidansa. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya miƙa wa Firdausi takardar. Ta fara karantawa, ya girgiza kai. Ta sake, a hankali, da muryar fasa faranti. Ya lumshe ido.

Mushe Harisu, kai ne ka hana 'ya'yanmu yi wa azzalumi tafi. Mun gode, Allah Ya tashi kafaɗarka. Malamanmu, ku je ku ga yadda yake yi tun yana nan. Firdausi ta ce in ya farfaɗo ita za ta riƙa karantawa, shi nasa girgiza kai ne kawai.