Tulun da Ya Haɗe a Silima

Daminar shekarar da aka sauke tutar Faransa mahaifiyata ta rasu. Babana yana can fatauci Najeriya, gidanmu na Dakoro ya rage daga ni sai Kaka, wadda ta haife ta. Da magariba mukan zauna bakin murhu mu biyu, gidan shiru, ba ka jin komai sai hucin tukunya.

Bayan girbi motar silima ta zo, aka kafa farin ƙyalle a filin lakwal, wato makarantar boko. Aka nuna wata mata da tulu ya suɓuce mata ya fashe. Da aka gama, mai silimar ya juya abin da baya don ya ba mu dariya. Ruwa ya tashi daga ƙasa, gutsattsarin suka haɗe, tulu ya koma kanta. Kowa na ƙyaƙyatawa, ban da ni. Na sheƙa gida a guje.

"Kaka, na gani da idona! Abin da yah hwashe shina komawa. In an juya, Inna na dawowa?"

Ta daɗe tana gyara itacen da bai buƙatar gyara. Sannan ta ce, "Zamna, mai gidana. Ga wata nan tahe."

Wai wata mata ce a Azagor, fari ya bar mata ƙwaryar gari guda, guguwa ta zo ta kwashe. Ta bi sawun iska har gidan Sarkin Iska, ta roƙe shi ya mayar mata. Ya tausaya, ya umarci iska ta juyo. Iska ta juyo kuwa, sai garin ya ƙara watsewa, wani kan ƙaya, wani cikin rijiya, wani tururuwa ta ja. Sarkin ya ce, "Baiwar Allah, iskata ta san hanyar watsawa ba iyaka. Ta tarawa guda ce, kuma ba ta san ta ba."

"To mi ta yi?"

"Ta lashe abin da yal liƙe ga ƙwarya, ta koma gida. Nan tat tsaya."

Na ji haushin Kaka ƙwarai. Na kwanta ban taɓa tuwo ba.

Na girma na zama mushen fizik, wato malamin kimiyya, a Maraɗi. Lissafi bai hana tulu ya haɗe ba, sai dai hanyoyin watsewa sun fi ƙarfin ƙirga, shi ya sa lokaci ba ya waiwaye. Duk shekara in na zo wannan darasi, muryar Kaka nake ji.

Ranar da muka binne ta, maƙwabciyarmu ta gaya mini abin da ban sani ba. Washegarin silimar nan Kaka ta yi lulluɓi ta je filin lakwal, ta roƙi mutumin ya nuna mata tulun da baya, ko sau ɗaya. Ya ce injin ya riga ya shiga mota. Ta tsaya a wurin har motar ta ɓace a hanyar Kornaka.

Shekara da shekaru na ɗauka ni kaɗai na yi rashi a gidan nan. Na manta ita ta goyi Inna.